Jan Ɗigo a Kelham

Lantana ta ce, ƙarfe bakwai, Baba, ban da lattin gida.
Bakwai saura kwata na iso,
ruwan Sheffield na tsiyaya daga lemata,
gorar zoɓo a hammata.

Tsohuwar maƙerar wuƙaƙe ce a bakin kogin Don.
Inda a da ake wasa ƙarfe har kunne ya toshe,
yau sai fitilu da farin bango
da mutane masu magana ƙasa-ƙasa
kamar an zo barkar haihuwa jariri na barci.

Wata yarinya ta zo da tire: ja ko fari?
Na ce, kofin kawai, 'yata, da guzurina na zo.
Kofi mai ƙafa ɗaya kamar zalɓe.
Na tsiyaya, ja wur.
Wa zai bambance?

Na ga yadda suke yi:
a juya, a kai hanci, a lumshe ido,
a ce akwai ƙanshin itace, akwai ɗanɗanon ƙasa.
Ni ma na juya nawa.
Akwai citta, akwai kanumfari.
Sukari ne bai ji ba,
don Uwani ce ta san awo,
kuma ta tafi da mudunta.

Wata tsohuwa mai jan takalmi, Maureen,
ta leƙo ta ce wannan ba na teburinsu ba ne.
Na sam mata. Ta kurɓa, ta yi jim.
Wace gona? Wace shekara?
Na ce, gonar bayan Malumfashi,
tukunyar jiya da daddare.
Ta yi dariya har 'yan kunnenta na rawa,
ta miƙo kofi a ƙara.

A kusurwa samari uku.
Ɗaya ya rungume gogen da ya fi shi tsawo
yana yi masa cakulkuli da yatsu.
Ɗaya na busa ƙahon tagulla,
kumatu kamar ya ɓoye goruba.
Mai ganga kuwa shara yake da 'yar tsintsiyar waya,
shiii, shiii,
irin sharar asuba kafin gida ya tashi.
Ban san kiɗan ba.
Ƙafata ta sani.

Sai ga ni a bango.
Ba fuskata ba,
hannuwana biyu a kan sitiyari,
da tabon da ƙofar bas ta bar mini,
da agogon nan mai gaba da minti biyar.
Shekara ashirin da shida ina juya lamba hamsin da biyu,
ban taɓa tsayawa na dube su ba.
Ashe yarinyar da ke kujerar kusa da ƙofa,
jakar makaranta a cinya,
ba barci take ba.

A gefen hoton, ɗan jan ɗigo
kamar zoɓona ne ya fantsama.
Na ce, an ɓata miki bango.
Ta ce, Baba, alamar an saya ce.
An sayi hannuwana? Nawa?
Ta raɗa mini.
Na cusa su cikin aljihu.

Da aka watse muka ƙetare gada
zuwa wani ɗan gidan abinci mai tebur shida.
Faranti kamar faifai,
kifi a tsakiya kamar maraya.
Na so in yi mita, amma man shanu da lemun tsami
suka riga ni magana.
Maureen ta ɗaga kofinta,
mai ƙaho ya ɗaga nasa,
na ɗaga ragowar gorata,
gilashi ya gaisa da roba,
babu wanda ya tambayi wani me ke ciki.

Bas ɗin ƙarshe muka hau.
Direban yaro ne, ban san shi ba.
Lantana ta jingina a kafaɗata,
wannan karon barcin gaske.
Ni kuwa har gida
hannuwansa nake kallo.